Yaya kuke fitar da zakka tun da rayuwa ta yi tsada?

Maman Rifkatu, Kafanchan:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni malamar firamare ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Malakai 3:10, ayar da ta ce a kawo dukan zakka (wato ɗaya bisa goma) gidan Ubangiji, na san ta tun ina makarantar Lahadi, don haka ba wa'azi nake nema ba. So nake in ji yadda kuke yi a gidajenku.

Baba Manomi, Billiri:
'Yata, mu manoma a masussuka muke gama namu lissafin. Buhu tara na gida, na goma a jingine shi gefe, kuma ba ya kwana a rumbu. Hatsi in ya shiga rumbu, hannu nauyi yake yi wajen fito da shi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne bashin taki. Na kai maganar gaban dattawa, ra'ayi ya rabu biyu. Ni dai na tsaya a kan in fara biyan mai taki haƙƙinsa, sannan in auna abin da ya saura, domin ba zan kai wa Ubangiji kayan wani ba. Ranar godiyar kaka muke kaiwa majami'a. A ba fasto nasa, a ware na gwauraye, sauran a sayar a aika wa ma'aikatan bishara na EMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar ECWA, da ke ƙauyuka.

Mai Tumatir, Bukuru:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni ba na taɓa uwar kuɗi, daga riba nake cirewa kowace yamma in jefa a asusu. Ranar da kwando ya ruɓe babu riba, babu abin jefawa, kuma zuciyata ba ta zargina. A Zumuntar Mata aka koya mini haka.

'Yar EYN, Michika:
Mama, bari in ba ki namu. A watan Satumban 2014 Boko Haram suka shiga Michika, muka gudu Yola da zanen da ke jikinmu. Wata na gaba hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi ma ta faɗa hannunsu. Zakkar me za ka fitar, kai da ake auna maka masara a mudu? Duk da haka ran Lahadi sai an zagaya da faranti. Wata ta sa sabulu, wata ta sa kofin wake, ni ashana na taɓa sawa, hawaye na zuba. Kafin yamma an raba kayan ga waɗanda suka iso a makon. A can na gane 2 Korintiyawa 8:12, cewa gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa. Kuma abincin da ya riƙe mu a watannin nan, baikon waɗansu ne da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Shi ya sa yau ko an hana ni bayarwa ba zan hanu ba.

Ɗan Keke, Sabon Tasha:
Ku gafarce ni iyayena, tawa ta bambanta. Inda nake sujada a da, baiko huɗu ake yi a sujada ɗaya, a kira sunan masu manyan ambulan a tafa musu. Matata ta kwanta asibiti, ko leƙe babu wanda ya yi, kuma ba a taɓa karanta mana inda kuɗin ke tafiya ba. Ban daina bayarwa ba, wuri na sauya.

Ma'aji, Numan:
Ɗana, ranka ya ɓaci da dalili. A wurinmu mutum uku ke ƙirga baiko, su sa hannu kafin a tashi, kuma duk wata uku ana karanta rahoto a gaban jama'a. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 mutane suka koma turawa ta waya, muka kafe sai dai asusun ikilisiya, ba na fasto ba. Wanda ya nemi ganin littafi, buɗe masa nake yi.

Maman Rifkatu, Kafanchan:
Na gode ƙwarai, Allah ya sa albarka. Baba, saura tambaya ɗaya. Bashin kuɗin makarantar yara da ake cire mini daga albashi, shi ma kamar na taki zan ɗauke shi?