Wai laifin me saurayin birni yake yi a finafinan Kirsimetin nan?

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Tun da aka mayar da ni aikin dare, idan na dawo da safe barci ba ya ɗaukata nan da nan, sai in kunna finafinan soyayyar Kirsimeti na Amurka. Cikin sati biyu na kalli bakwai, kuma ko za a yanka ni ba zan iya ware muku labarin ɗaya daga na ɗaya ba.

Kullum budurwa ce mai babban aiki a New York. Kamfaninta ya tura ta wani ɗan ƙaramin gari ta saye tsohon masaukin baƙi don a rushe a gina otal. Kwana uku ta ce za ta yi, sai dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Tana fitowa daga shago ta yi karo da wani, kofi ya zube mata a riga, suka yi cacar baki. Ashe shi ne mai masaukin, ko mai gonar itatuwan Kirsimeti. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yar yarinya mai bakin tsiya, wadda ita ce za ta yi dalilin auren. Daga nan sai toya biskit, fulawa a hanci, shan koko mai zafi, da taron kunna fitilun bishiya a dandalin gari.

Duk wannan na yafe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurayinta na birni. Bawan Allah shekara huɗu suna tare, bai zage ta ba, bai ci amanarta ba. Laifinsa kawai yana sa kwat kuma yana amsa waya. Ya biyo ta har garin da zobe a aljihu, ta dube shi ta ce ai ta canza. Cikin kwana biyar! Har da ajiye aikin da ta sha wuya ta samu. Ni kaɗai ce nake jin tausayinsa?

Baban Sadik:
Maman Ilham, kin ba ni dariya. Ina zaune kusa da Vancouver a Kanada, inda ake ɗaukar da yawa daga cikinsu saboda rangwamen haraji, duk da a fim za a ce miki garin Amurka ne. Wata rana a watan Yuli na fita sayen burodi, ina zufa, na tarar an rufe titi an shimfiɗa farar auduga da kumfa a bakin shaguna. 'Yan wasa na sanye da manyan rigunan sanyi, ana cewa a tsaya sai su tuɓe su nemi inuwa.

Kamar sati uku ake ɗaukar fim ɗaya. Tashar Hallmark, ta kamfanin nan mai buga katin gaisuwa a Kansas City, ta fara jerin finafinan Kirsimetinta a 2009, yanzu tun watan Oktoba take farawa, kuma akwai shekarun da ta fitar da sababbi wajen 40 a kaka ɗaya. Ga tashar Lifetime da Netflix su ma suna yi. Wanda zai fitar da 40 ina ya ga lokacin ƙirƙiro sabon labari? Saurayin naki kuwa ba mutum aka ɗauke shi ba, shi ne birnin da ake so ta bari. Ki kuma lura da kofunan hannunsu, yawanci babu komai a ciki.

Anti Rahila:
'Yata, ni da nake bikin ma mamaki suke ba ni. Fim ɗin Kirsimeti sukutum, da wuya ki ga an shiga coci ko an ambaci haihuwar Yesu. Sai jan kaya da kore, da wani tsoho mai farin gemu da zai faɗi magana ɗaya ya ɓace. Mu a Jos shinkafa ce da kaji da cincin, yara da sababbin kaya, a aika wa maƙwabta abinci, ga hazon hunturu.

Amma ina kallonsu, ba zan ɓoye ba. Shekarar da maigidana ya rasu su ne kaɗai nake iya kallo, don na san babu wanda zai mutu. Saura minti ashirin a tashi za ta ji rabin magana ta bayan ƙofa, ta yi fushi ta haɗa jaka. Ina zaune ina tsinkar zogale hankalina kwance, na san ba za ta kai filin jirgi ba.

Ɗan Fagge:
Ku da kuke dariya, namu fa? Sau nawa aka nuna mana Alhaji mai mota da talaka mai gaskiya suna neman yarinya ɗaya, kuma tun waƙar farko mun san wa zai samu? A na Kirsimetin kuwa, kun manta ma da wanda ya fi ba ni haushi: saurayin ashe yarima ne na wata ƙasar Turai da babu ita a taswira, kuma duk duniya babu wanda ya taɓa ganin hotonsa.

Maman Ilham:
Anti, Allah ya ba ki haƙuri, yanzu na gane. Ɗan Fagge, wannan na yariman shi na kalla jiya, na takwas ke nan. A can ma akwai saurayin birni, akawu ne, shi ya kai ta filin jirgi har ya ɗaukar mata jaka. Ba a sake nuna shi ba.