Mai adaidaita ya lotsa mini gefen baya, kuɗin hannuna kuma kaɗan ne

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ranar Talata da yamma wani mai adaidaita sahu ya goge ni a titin Gidan Zoo, ya lotsa mini gefen baya na ɓangaren direba. Motar Corolla ce ta 2010, ruwan azurfa. Lotsawar ta taso daga bayan ƙofar baya, ta bi ta saman taya, ta tsaya dab da murfin tankin mai. Fenti ya ɗaye a wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ana ganin ƙarfe. Na kai wani gareji, suka ce sai dai a yanke gefen gaba ɗaya a walda na Beljiyam, naira dubu 250 har fenti. Ni kuwa dubu 70 ce a hannuna, ga kuɗin makarantar yara na tafe. Ga hotuna nan na turo. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Direban Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ba wanda ya ji rauni dai ko?

Baban Ilham: Lafiya lau, alhamdu lillahi. Motar ce kawai.

Mai Golf: Sannu Malam. Ni a ganina kada ka wahalar da kanka. Ka sami mai fenti ya cike ramin da foti, wato ƙullun da ake shafawa a cike lotsawa kafin fenti, ya goge, ya fesa. Kwana biyu ka ɗauki motarka, har canji za ka samu a dubu 70 ɗin.

Hajiya Mai Atamfa: A'a, don Allah kada ka bi wannan hanyar. Haka aka yi wa tawa a wani gareji, ranar da na karɓo ta sai sheƙi take yi. Damina ɗaya ta wuce, wurin ya fara tsagewa, sai ga wani ɓangare ya ɓanɓaro a wajen wanki, kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Da aka duba ƙasansa, tsatsa ce jawur. Kuɗin da na biya a gyara na biyu ya fi na farko, don sai da aka kankare komai aka sake daga tushe.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Malam, bari in gaya maka abin da ya sa kuɗinsu ya yi yawa. Madigadin gaba da noti aka ɗaure shi, a kwance a saka wani, aikin awa ɗaya ne. Na baya kuwa jikin motar ne, a haɗe yake da rufi da gindin ƙofa da gefen but, an ɗiga masa walda tun daga kamfani. Mu a kasuwa yankakke muke sayarwa, an datso shi daga motar da ta yi hatsari a waje. Akwai na Corolla irin taka, ba ya wuya. Amma kuɗin ƙarfen kaɗai zai cinye abin da ke hannunka, ba a zo maganar walda da fenti ba. Ina sayarwa, amma a hoton nan ban ga abin da ya kai a yanka ba. A jira Baba Fanalbita, mai bugun ƙarfen mota, ya gani.

Ma'aikacin Inshora: Kafin Baba ya shigo, Malam, yaya kuka rabu da mai adaidaitan? Ina tambaya ne don mutane da yawa ba su san haƙƙinsu ba. Inshorar nan ta dole da ake yanka wa ƙananan motoci, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira dubu 15 tun watan Janairun 2023, ba ta gyara motar mai ita. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3. To su ma masu adaidaita doka ta ɗora musu irin tasu. In takardarsa ta gaskiya ce, kuma laifinsa ne, kamfaninsa ya kamata ya biya ka. Sai dai ana bukatar hotuna, da lambar adaidaitan, da rahoton 'yan sanda.

Baban Ilham: Wallahi yaro ne ƙarami, balas yake kai wa mai keken kullum. Ya durƙusa yana ba ni haƙuri, mutane suka taru suna sa baki, na ce ya tafi. Ko lambarsa ban ɗauka ba, kuma na riga na yafe.

Ma'aikacin Inshora: Allah ya saka da alheri. Shi ke nan, wannan ƙofar ta rufe. Sauran 'yan zaure dai a riƙa ɗaukar hoto kafin a yi sulhu, neman kuɗi daga kamfani ba cutar da yaron ba ne.

Baba Fanalbita: Salamu alaikum. Na ga hotunan, Malam, sannu da jaje. Wannan ba aikin yanka ba ne. Ana yanka ne idan ƙarfe ya yage, ko ya naɗe ya yi kaifi a kan layin bodi, ko bugun ya shige ya taɓa ƙarfen ciki har ƙofa ta daina rufuwa daidai. Naka lotsawa ce mai faɗi, irin wadda ke fitowa in an bi ta a hankali. Amma hoto ba ya nuna komai, don haka ka duba mini abu uku yanzu. Ka rufe ƙofar baya ka kalli tazarar da ke tsakaninta da gefen, ka kwatanta da ta ɗaya ɓangaren. Ka buɗe but ka rufe, ka ji ko yana kamawa da sauƙi. Sannan ka tsuguna ta baya ka kalli tayar, ko ta karkata, ko akwai gurzuwa a jikin wilinta.

Baban Ilham: Baba na duba. Ƙofa na rufuwa lafiya, tazarar kusan ɗaya ce, sai dai can ƙasa ta ɗan matse. But ba matsala. Wilin ba ko ƙwarzane.

Baba Fanalbita: Madalla. Ke nan aksul bai ji bugu ba, wannan shi ne abin da na fi tsoro, don in ƙarfen bayan Corolla ya lanƙwashe sai ka ga tana cin taya ta gefe ɗaya. Yanzu ga yadda aikin kirki yake. Za a cire shimfiɗar cikin but ta wannan gefen, a kwance fitilar baya, a sassauta bamba. Daga nan hannu na shiga bayan ƙarfen. Ana turowa daga ciki da ƙarfen bugu, ana sassauta gefen lotsawar da guduma daga waje, a fara daga bakin-baki a ƙare a tsakiya. Wanda ya fara dukan tsakiya da ƙarfi zai miƙar da ƙarfen ya yi tozo, daga nan sai ka taɓa ya lotsa ka saki ya dawo. Wajen bakin taya kuwa ƙarfe biyu ne a haɗe, hannu ba ya kaiwa. Nan ake ɗiga wa wasoshi walda a jere, a ja su da ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, a cire, a goge. Foti yana da amfaninsa, ni ma ina sawa, amma shafe ne na daidaita fuska, milimita 2 zuwa 3. In ya wuce haka, mai aikin ya gudu daga aikinsa ne.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne wuta. Yara da yawa yanzu da sun ga lotsawa sai su kunna gas su gasa wurin ya yi ja don ya yi laushi. Ƙarfen nan bai kai milimita 1 ba, zafi na murɗa shi, kuma yana ƙone rufin da kamfani ya yi masa ta ciki, tsatsa ta fara ci daga inda ba ka gani. Ballantana naka, bututun zuba mai yana nan bayan wurin. Kada ka yarda a kusanto da harshen wuta nan. In za a yi waldar lantarki ta wasoshin ma, a cire kan batir tukuna saboda kwamfutar motar.

Mai Golf: Baba, ina ganin bidiyo ana zuba tafasasshen ruwa a turo lotsawa ta fito. Ba zai yi a nan ba?

Baba Fanalbita: A bamba yake yi, ɗana, don roba ce. Ƙarfe ba ruwansa da ruwan zafi.

Na Kaduna: Ina goyon bayan Baba. Abin da zan ƙara shi ne ka raba aikin gida biyu, kuma ka raba cinikin. Fanalbita daban, mai fenti daban. In ka ba mutum ɗaya kwangilar duka da kuɗi kaɗan, a wajen bugun ƙarfe zai rage, don fenti zai rufe masa asiri. Mu a Fanteka haka muke yi: ka tsaya a gama bugu, ka shafa tafin hannunka a kan ƙarfen tsirara kafin a sa komai. Hannu ya fi ido gane tudu da kwari.

Hajiya Mai Atamfa: Kuma kada ka biya duka a farko. Kafin alƙalami kawai, na sayen kayan aiki. In da hali ma ka je da shi ku sayo tare.

Baban Ilham: To in na biya bugun ƙarfe, abin da ya rage ba zai kai fenti ba fa.

Baba Fanalbita: Ba dole ba ne a yi fenti yanzu. A buga, a goge tsatsar da ta fara, a sa fotin da ya kamata, a fesa firaima mai kyau, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, sannan a bi ta da fenti ko hannu ɗaya ne na wucin gadi, don firaima ita kaɗai tana shan ruwa in ta daɗe a waje. Ta ciki kuma a shafa maganin tsatsa, a toshe haɗin ƙarfen da abin like don kada ruwa ya riƙa taruwa maka a ramin safaya. Wannan duka kuɗinka zai iya ɗauka in ka yi ciniki. Motar za ta yi ɗan dabbare na wata biyu ko uku, amma ƙarfenta lafiya lau. In albashi ya shigo sai a yi fentin gaske.

Mai Haɗa Kala: Idan lokacin fentin ya zo, ga nawa. Ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, za ka ga an rubuta C/TR, lambar farko ita ce ta kalar. Ruwan azurfar Corolla ta wannan shekarar yawanci 1F7 ce, amma ka duba taka. Lambar ma ba ta isa ba, don ranar Kano ta riga ta dafa fentin motar shekara da shekaru. Ka cire murfin waje na tankin mai, mai fentin motar, ka kai wa mai haɗawa, ya gwada a kan guntun ƙarfe, ku fita rana ku kwatanta. Ruwan azurfa na cikin masu wuyar dacewa saboda ƙyalƙyalin da ke ciki, don haka a ja fesawar ta shiga rabin ƙofar baya ta baje, kada a tsaya cak a bakin gefen. A yi ta da safe a wuri rufaffe, a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. In hunturu ya kama ka, gara ka biya kuɗin ɗakin fenti na rana ɗaya.

Direban Zariya: Ni tambayata, in zai sayar da motar nan gaba, wanne ya fi rage mata daraja, yanka ko bugu?

Ɗan Ƙofar Ruwa: Yanka mana. Dillali na ɗaga robar bakin ƙofa da ta but ya ga layin walda, nan take zai ce motar hatsari ce ya karya kuɗi. Mai foti da yawa kuma mayen ƙarfe ke tona shi, a ɗora a ga bai kama ba. Wanda aka buga da kyau shi ne ba a cika ganewa ba.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsaya a kan bugu da firaima yanzu, fenti sai bayan na biya kuɗin makaranta. Baba, ko za ku karɓi aikin?

Baba Fanalbita: Idona ya yi rauni, na daina aikin ruwan azurfa da makamantansa, amma akwai yarona da na yaye, hannunsa na da kyau, zan tsaya a kansa. Zan tura maka kwatance ta gefe. Kafin Asabar ka wanke wurin da ya ɗaye, ka busar, ka shafa masa ɗan giris saboda raɓa. Ka kwashe kayan but, ka zo da sassafe.