Ƙadangare ba mai "sanyin jini" ba ne: mu nemo masa kalmar da ta dace

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina shirya darasin kimiyya da Hausa don yaran unguwarmu, sai na cije a kan kalmomi biyu na Turanci, cold-blooded da warm-blooded. Fassarar da na fi cin karo da ita ita ce "masu sanyin jini" da "masu zafin jini", ni kuwa raina bai kwanta da ita ba.

Dalilina na farko, maganar ba gaskiya ba ce. Ku duba ƙadangare da safiyar hunturu. Zai fito ya lafe a jikin katangar da rana ta fara bugawa, ya baje cikinsa, da ƙyar yake motsi. Ku dawo da hantsi ku ga yadda yake tsere yana gyaɗa kai. A lokacin jininsa kan kai ɗumin na mutum, wato wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Idan rana ta take kuma sai ya shige inuwa ko tsagar bango. To ina sanyin jinin yake? Abin da ya raba shi da mu shi ne inda ɗumin ke fitowa. Shi daga waje yake samo nasa, mu kuwa jikinmu ne ke ƙona abincin da muka ci ya haɗa namu. Shi ya sa kada kan yi watanni bai ci komai ba, akuya kuwa kullum bakinta na cikin ciyawa.

Na biyu, Bahaushe ya riga ya ba waɗannan kalmomi aiki. Ka ce wane yana da sanyin jiki, ka ce masa mai nawa. Ka ce yaro yana da zafin jiki, uwarsa za ta tashi neman maganin zazzaɓi. Jini ma mun cika shi da ma'anoni: farin jini, baƙin jini, hawan jini. Ɗalibi zai ji "zafin jini" ya ɗauka ciwo ne ko fushi.

Shawarata ita ce mu bar zafi da sanyi, mu kama "ɗumi". Ƙadangare, maciji, kwaɗo, kunkuru da yawancin kifaye su zama "masu ɗumin aro". Mutum, saniya, kare da tsuntsaye su zama "masu ɗumin kansu". Aikin gaba ɗayansa kuma a kira shi "daidaita ɗumin jiki", ya haɗa da gumin mutum, hakin kare da harshe a waje, giwa tana fifita da kunnuwanta, da kazar da ke buɗe baki ta saki fukafukai a watan Afrilu.

Wani ɗan uwa da na faɗa wa ya ce ai aro mayar da shi ake yi. Na ce wallahi abin da ya sa na so kalmar ke nan, domin da dare ya yi ɗumin da ƙadangare ya tara yana komawa cikin iska, gobe sai ya sake fita nema.

Raƙumi ne ya ɗan tsayar da ni. Binciken da masanin kimiyyar jikin dabbobi Knut Schmidt-Nielsen ya yi a Saharar Aljeriya, wanda aka buga a 1957, ya nuna raƙumin da ke cikin ƙishirwa yana barin ɗuminsa ya sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya haura 40 da yamma, don kada ya ɓarnatar da ruwan jikinsa wajen gumi. Duk da haka na sa shi cikin masu ɗumin kansu, tunda daga cikinsa ɗumin ke tasowa, sassauta ma'auni kawai yake yi.

Malamanmu na Zinder da Maraɗi, da masu koyarwa a Kano da Sakkwato, ku furta "masu ɗumin aro" da baki ku ji ko ya zauna a harshe. Ranar Asabar zan gwada shi a gaban yaran.