Neman kalma: me za mu kira hukuncin "show-cause"?

1/ Jama'a, masu fassara labarin wasanni, ku matso. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka tana da wani hukunci da take yanke wa koci, "show-cause". Na ga ana rubuta "dakatarwa", kuma ba ita ba ce.

2/ Ga misali. Jim Tressel ya horar da 'yan zari-rugar Amurka na jami'ar Ohio State daga 2001 zuwa 2010, ya ci kofin ƙasa a kakar 2002 ba a doke shi ko sau ɗaya ba. A Afrilun 2010 wani lauya ya aiko masa da imel cewa 'yan wasan Tressel suna kai zobban gasa da riguna wurin wani mai shagon zanen jiki, suna karɓar kuɗi ko a yi musu zane da rangwame. A dokar lokacin haramun ne. Tressel ya ja bakinsa ya yi gum, har a watan Satumba ya sa hannu a takarda cewa bai san da wani laifi ba. Da asiri ya tonu sai ya ajiye aiki ranar 30 ga Mayu, 2011. Jami'ar ta soke nasarori 12 na kakar 2010, a Disamban 2011 kuma NCAA ta ɗaura masa wannan hukunci na shekara 5.

3/ Ba a ce kada kowa ya ɗauke shi aiki ba. Sai dai hukuncin yana bin mutum duk inda ya je. Makarantar da ta ɗauke shi koci, ko dai ta bi sharuɗɗan da aka gindaya masa, ko ta gurfana gaban kwamiti ta kawo hujjar da za ta hana a hukunta ta. Wa zai sayi wannan rigima?

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "takunkumi". Hajiya, ya yi kusa, amma kunnen mai karatu ya riga ya ba Iran da Rasha wannan kalma.

5/ Wani malami ya ce "umarnin kawo hujja", kamar yadda kotunanmu ke kiran mutum ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a hukunta shi. Allah ya gafarta Malam, a ma'ana ka fi kowa gaskiya. Matsalar, mai karatu zai ɗauka kocin ne zai kawo hujjar, alhali makarantar ce.

6/ Ni dai na tsaya a kan "dabaibayi". Jakin da aka yi wa dabaibayi ba a turke yake ba, yana ɗan tattaki, yana kiwo, amma ba ya nisa, kuma ko an sayar da shi da igiyar zai tafi. Tressel ma bai zauna haka nan ba: ya shugabanci jami'ar Youngstown State daga 2014, a 2025 ya zama mataimakin gwamnan Ohio. Kujerar babban koci ce dai bai sake hawa ba.

7/ Don haka a kanun labari: "NCAA ta yi wa Tressel dabaibayin shekara 5." A cikin labari, karon farko, a ƙara jimla guda ta bayanin hujjar, Malam ya samu nasa.

8/ Saura "vacated wins". Na rubuta "soke nasarori" a sama, amma wanda aka doke ba a mayar masa da nasarar, shi ma yana nan da kayensa. Wa ke da wadda ta fi?