Me za mu kira "accessibility" na kwamfuta da Hausa?

Jama'a, ga aiki ya taso. Ana rubuta takardar duba kwamfutocin tebur kafin a jera su a ɗakin karatu, da aka zo kan "accessibility settings", wato saitin da ke taimaka wa mai matsalar gani, ji ko hannu ya yi aiki da kwamfuta, sai alƙalami ya tsaya. Wani Malam da wata Hajiya sun riga sun faɗi ra'ayinsu, ni dai na zaɓi "saitin sauƙaƙawa", ku ji dalilina kafin ku taso mini.

Su kansu masu abin ba su zauna a kan suna ɗaya ba. A Windows 10 "Ease of Access" ne, da Windows 11 ta fito a 2021 suka mayar da shi "Accessibility". 'Yan'uwanmu na Nijar masu kwamfutar Faransanci kuwa "Options d'ergonomie" suka saba gani kafin ya koma "Accessibilité". To me zai sa mu maƙale wa kalmarsu? Aikin abin za mu duba.

Danna maɓallin Windows tare da U, shafin saitin zai buɗe. A ciki akwai Narrator mai karanta wa makaho abin da ke kan allo, da madubin ƙara girman rubutu, da canza launuka, da rubuta maganar bidiyo don kurame, da gyaran maɓallai don wanda hannunsa ke rawa.

"Samun dama" na fi gani a fassarori, kuma ita na fara jefarwa. Dama a bakinmu izini ce ko zarafi. Ka ce wa mai gyara ya duba maka samun damar kwamfuta, wallahi kalmar sirri zai tambaye ka.

"Sauƙin amfani" ta fi kusa, sai dai tana da mai ita. Da ita muke yabon wayar da ba ta da wuyar sha'ani.

Malam da ya kawo "saitin masu buƙata ta musamman", na fahimce ka, kuma a maganar doka haka ya dace, irin dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019. Amma suna a kan allo gayyata ne. Dattijon da rubutu ya fara yi masa ƙanana ba zai danna wurin ba, zai ce shi lafiyarsa ƙalau, ya ci gaba da kai hanci jikin allo. Haka wanda ya karye, hannu ɗaya a ɗaure, alhali Sticky Keys nasa ne: ya danna Ctrl ya saki, sannan ya danna C, kwamfuta ta ɗauka tare ya danna su. Ga sunan da tsawo, ba zai shiga ɗan akwatin menu ba.

Hajiya ta ce "sauƙaƙawa" tana warin jinya, saboda "Allah ya sauƙaƙa". Gaskiya akwai wannan. Sai dai muna sauƙaƙa wa ɗalibi darasi, muna sauƙaƙa wa baƙo hanya, ba wanda ya kwanta. Kuma tana lanƙwasuwa: kunna sauƙaƙawa, gwajin sauƙaƙawa, sauƙaƙawar gani, ta ji, ta hannu.

Ga yadda take zama a bakin aiki. "Gwada sauƙaƙawar gani": danna Windows da alamar tarawa, allo ya kumbura, Windows da Esc ya koma daidai. Sai Windows da Ctrl da Enter, Narrator ya fara magana. A nan ake kama kwamfutar tebur, don da yawansu ba su da lasifika a jiki. Saitin ya nuna a kunne, ɗaki shiru. Soka abin kunne a koren ramin sauti na jikin kwamfutar tukuna. Daga nan kashe allon, ture linzami gefe, ka yi yawo da maɓallai kaɗai. In ba ka iya buɗe fayil a haka ba, kada ka rubuta "yana aiki". Wanda ya saka NVDA, manhajar karatun allo ta kyauta da aka fara a 2006, shi ma haka zai gwada.

"Gwada sauƙaƙawar hannu": buga Shift sau 5 a jere, ya kamata ƙara ta fito da ɗan akwatin tambayar kunna Sticky Keys. In shiru ne, galibi wani mai wasan gem ne abin ya dama ya kashe gajeriyar hanyar. Koma saitin sauƙaƙawa, sashen maɓallai, ka mayar da ita.