Neman Suna: Me Za Mu Kira Wannan Fasaha da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da manazarta harshe. Ina neman shawararku kan fasahar da Turawa ke kira augmented reality, wadda ake ɗaga waya a haska wuri, kyamara ta nuna shi yadda yake, sannan manhaja ta aza masa hoto mai motsi a kai. Duniya ta fi saninta ne tun 2016, lokacin da wasan Pokémon Go ya fito.

Dalilin tambayar shi ne 'yan aji ukun da nake koyarwa a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Haɗeja. Yaran nan sun san ambaliyar 2022, domin wasunsu a ajujuwan makarantarmu suka yi kwanaki, amma idan na ce musu sauyin yanayi sai su yi shiru. Da za a haska bangon aji su ga ruwa yana hawa har inda ya tsaya a waccan shekara, ko a haska fadamar da ciyawar kacalla ta cinye su ga shinkafar da kakanninsu suka noma a wurin, Gizo kuma yana gefe yana ba da labari, na tabbata darasin zai zauna. Sai dai ba zan iya faɗa wa iyayensu abin da ba shi da suna ba.

Wani abokin aikina ya kawo "ƙarin gaskiya". Ban karɓa ba, domin a kunnen Bahaushe gaskiyar da aka yi wa ƙari ta zama ƙarya, kuma babu uban da zai so a ce da ita ake tarbiyyar ɗansa. "Ɗorin zahiri" ya fi kusa da ma'ana, amma a ƙauyenmu duk wanda ya ji ɗori, karaya zai tuna. "Dabo" kuwa ban ma tsaya a kansa ba.

Wanda ya kwanta mini shi ne "majigin zahiri", kuma daga bakin wani dattijo na samo shi. Da na nuna masa a wayata, na ce, "Baba, me ka gani?" sai ya ce ai majigi ne, irin wanda ake kawowa ƙofar fadar hakimi suna yara, ana haskawa a farin ƙyalle don koya wa jama'a tsafta da noma. Bambancin kawai, wannan ba ya neman ƙyalle. Gonarka da bangonka su ne allonsa. Kalmar majigi ita ma aro ce daga Turanci, ta daɗe har ta zama 'yar gida, kuma tun asali da wayar da kai aka san ta.

Abin da ya rage mini shi ne waccan ɗaya fasahar, ta tabarau mai rufe ido ruf, wadda ke raba mutum da inda yake tsaye. Idan mun tsayar da majigin zahiri a nan, ita wane suna za ta ɗauka?