Wane aiki saje yake yi a jirgin ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu?

Ɗalibi:

Salamu alaikum malamai. Duk inda aka ɗauko zancen jiragen da suka yi wa Jamus ruwan bama-bamai daga 1942 zuwa 1945, matuƙi ake ta yabo. Amma jirgin B-17 na Amurka mutum 10 yake ɗauka, kuma 6 daga ciki ba hafsoshi ba ne. Wane aiki waɗannan shidan suke yi takamaimai? Me ya fi kashe su ko nakasa su? Kuma me ya sa kusan dukkansu saje ne, babu farabiti?

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam. Hafsoshin huɗu su ne matuƙi, mataimakinsa, mai duba hanya da mai sakin bam, duk a gaban jirgi. Sauran shida kowa da bindigarsa: injiniya a kejin bindiga na sama bayan matuƙa, mai rediyo, mai kejin da ke ƙarƙashin ciki, mutum biyu a tagogin kwiɓi, sai na wutsiya wanda yake durƙushe shi kaɗai yana kallon baya. Samfurin B-17G bindiga 13 gare shi, ƙirar Browning, mai harsashi milimita 12.7. Daga tsakiyar 1944 an rage na kwiɓi ya koma mutum ɗaya a jirage da yawa.

Injiniya shi ne babba a cikinsu. Shi ke karanta wa matuƙi gudun jirgi lokacin tashi, shi ke juya mai daga tanki zuwa tanki idan inji ɗaya ya mutu, kuma idan lantarki ya lalace shi ke murɗa tayoyin sauka ko ƙofar rumbun bam da hannu. Mai rediyo yana aika sakamakon farmaki da saƙon Morse, yana kuma watsa siraran takardun gwangwani masu rikita na'urar hangen jirage ta Jamus.

Batun igiyar saje kuwa, babban dalilin da ake kawowa shi ne yarjejeniyar Jeniba ta 1929: farabitin da aka kama a yaƙi ana iya sa shi aikin ƙarfi, saje kuwa sai dai aikin lura da wasu. Jamusawa ma sansani daban suka ware musu, irin Stalag Luft 4, da kuma Stalag 17B wanda ke Krems a Ostiriya.

Baban Yara:

Ɗalibi, kafin ka kai ga harsashi, fara da sanyi da iska, don su ne abokan gaba na kowace fita. Jiragen nan ba a matse iska a cikinsu, kuma suna tafiya a wajen ƙafa 25,000, inda sanyi ke kai digiri 40 zuwa 50 ƙasa da sifiri. A B-17F tagogin kwiɓi a buɗe suke wayam, iska na kaɗowa kai tsaye a fuskar mai bindiga. Sai daga baya aka rufe su da gilashin roba.

Da an wuce ƙafa 10,000 kowa zai ɗaura takunkumin oksijin. Matsalarsa tururin numfashi: yana taruwa ya daskare ya toshe hanyar iska. Dole mutum ya riƙa matsa takunkumin da hannu lokaci zuwa lokaci don ƙanƙarar ta farfashe. Ko kuma tiyon ya zare daga mahaɗinsa yayin da mutum ke juyi da bindiga bai sani ba. Mugun abin shi ne ƙarancin oksijin ba ya zafi. Mutum zai ji kasala, wani ma ya ji nishaɗi, cikin minti 3 zuwa 5 hankalinsa ya gushe, idan ba a ankara ba ya mutu a wurin. Shi ya sa ake kiran suna ta wayar cikin jirgi a kai a kai, daga wutsiya zuwa hanci. Wanda bai amsa ba, sai na kusa da shi ya cire nasa tiyon, ya maƙala ƙaramar kwalbar oksijin ta hannu, ya rarrafa ya je ya duba shi. Kwalbar kuma 'yan mintoci take yi, don haka mai ceton ma yana iya faɗuwa a hanya.

Akwai riga mai ɗumama jiki da lantarki. Samfurin farko, F-1 mai launin shuɗi, wayoyinsa a jere ɗaya aka haɗa su, waya guda ta tsinke a gwiwa ko gwiwar hannu sai ɗumin ya ɗauke. Wani lokaci kuma wayar ta ƙona fata a wuri ɗaya alhali sauran jiki na daskarewa. Gumi ma haɗari ne: wanda ya yi gumi a ƙasa wajen ɗora bindiga, gumin zai zama ƙanƙara a sama.

Yatsu aka fi asara. Bindiga ta cije, mutum ya cire safar hannu mai kauri don ya gyara, fatarsa ta manne da ƙarfe. Maganinsa siririyar safar siliki a ciki wadda ba a cire ta ko da me. Ita ma bindigar, mai kaɗan ake shafa mata, don mai da yawa daskarewa yake ya riƙe ta. Allurar kashe zafi da ke akwatin agaji takan daskare, sai an ɗumama ta a baki kafin a yi wa mai rauni.

Ɗalibi:

Na gode, Baba. To gaskiya ne kejin ƙarƙashin nan ya fi ko'ina haɗari?

Tsohon Makanike:

Ya fi ko'ina ban tsoro dai, amma haɗari sai an yi bayani. Kejin ƙirar Sperry ne, dunƙulalle kamar akurki, mai bindiga biyu. Ba a shiga sai jirgi ya tashi: a juya bakin bindigogin su kalli ƙasa, ƙofar ta zo daidai cikin jirgi, mutum ya zura ya kwanta a ƙudundune, gwiwoyi kusa da kunnuwa, madubin saiti tsakanin ƙafafunsa. Don haka gajeru ake zaɓa. Yawanci babu wurin laimar sauka a ciki, a cikin jirgi ake barin ta. Idan jirgi ya kama da wuta sai ya juya kejin, ya buɗe, ya fito, ya maƙala laima, sannan ya nemi ƙofa. In wutar lantarki ta ɗauke akwai abin murɗawa da hannu, in ƙarfen ya lanƙwashe kuwa sai addu'a. A B-24, wani jirgin bama-bamai na Amurka, ana janye kejin cikin jirgi, a B-17 ba ya janyuwa.

Duk da haka ƙididdigar raunuka da likitocin Runduna ta 8 ta sojan saman Amurka suka yi a 1944 ta nuna na kwiɓi sun fi shan ɓaraguzan igwa, na akurki suna cikin masu ƙarancin rauni. Dalili a fili yake: wanda ke tsaye ya fi wanda ya dunƙule faɗin jiki. Sai dai ka tuna jiragen da suka dawo gida kawai aka ƙirga. Rigar sulke mai faranten ƙarfe da Kanar Malcolm Grow ya kawo a 1943 ta rage mutuwa sosai, kuma tana da jan igiya da ake fizga ta faɗi nan take in za a yi tsalle.

Harbin kansa ya saɓa wa hankali. Harsashi yana fita ɗauke da gudun jirginka, saboda haka idan jirgin Jamus ya karkato daga gefe, ba gabansa za ka saita ba, tsakaninsa da wutsiyar jirginka za ka harba. Sabon shiga kullum kuskuren nan yake yi. A harba kaɗan a saki kunama, in ba haka ba bututun ya yi zafi ya lalace. Adadin jiragen da masu bindiga suka ce sun kakkaɓo kuwa, kada ka ɗauke shi yadda yake: mutum 20 na harbin jirgi ɗaya, kowa ya rantse shi ya same shi.

Mai Taswira:

Ƙari kan yawan asara. Ranar 14 ga Oktoba 1943 jirage 291 suka tafi garin Schweinfurt na Jamus, 60 ba su dawo ba, wato mutum kusan 600 a yini ɗaya. A lokacin sawu 25 ake so mutum ya cika kafin ya koma Amurka. Da jiragen rakiya P-51 suka fara raka su har cikin Jamus, aka ɗaga zuwa 30, sannan 35. Runduna ta 8 ta rasa mutum wajen 26,000.

Gwaggo:

Duk kun tsaya kan Amurkawa, kun bar na Birtaniya, alhali a can ma tambayar Ɗalibi ta fi armashi. A jirginsu na Lancaster mutum 7 ne, kuma sau da yawa matuƙin kansa saje ne. Yana iya zama shugaban jirgi ga hafsa yana duba masa hanya.

Da dare suke fita, don haka aikin na wutsiya ido ne kafin harbi. Bindigoginsa huɗu masu harsashi milimita 7.7 ba sa kaiwa inda igwar jirgin Jamus ke kaiwa. Da yawa sukan cire gilashin gabansu gaba ɗaya, su haƙura da sanyi, don ɗigon mai a gilashi yana kama da jirgi a duhu. Da ya hango inuwa sai ya yi wa matuƙi ihu ya nutsa hagu ko dama, jirgi ya shiga murɗe-murɗe sama da ƙasa har maharbin ya ɓace. Daga 1943 Jamusawa suka kafa igwa mai kallon sama a jiragensu na dare, su lallaɓo ta ƙarƙashi inda Lancaster ba shi da mai tsaro, su harbi tankin mai a fiffike.

Fita ma wuya gare ta. Ƙofar tsira ta gaba ƙarama ce, mutum sanye da laima da ƙyar yake wucewa, kuma wajen 15 cikin 100 ne kawai suke tsira idan an harbo Lancaster, ƙasa da na Halifax, wani jirgin nasu. Cikin ma'aikatan jirgi kusan 125,000 na rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya, an kashe 55,573. Wanda kuma ya ce ba zai iya sake tashi ba, sai a buga masa tambarin ragwanci a takardarsa, in saje ne a cire masa igiya a tura shi aikin ƙasa.